Battar da Kawu Bala Ya Ƙi Buɗewa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Kawu Bala a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san yadda yake buɗe batta: ya miƙe hannu can nesa, ya kau da kai, ya runtse ido ɗaya, kamar mai buɗe tukunyar da ake toya barkono. Ƙato guda, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tasi tsakanin Makka da Jidda, mai murya kamar ana gungura ganga, amma gaban 'yar battar da ba ta kai ƙwan kaza ba sai kunya ta kama shi kamar sabon suruki.

Ga 'yan baya da ba su riske shi sosai ba: wan mahaifiyata ne, haifaffen nan, iyayensa da ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina. Wasu sun tara gidaje, shi mazuban kwalliyar matan dauri ya tara. Tandayen kwalli na fata, battocin katambiri, baƙin nan da kakanninmu ke ɗigawa a kumatu, da 'yan akwatunan azurfa masu madubi a cikin murfi. Kabad guda maƙil. Har da wata 'yar fara mai zanen fure da ya tsinto a kasuwar gwanjo ta Jidda. Ni da nake malamin makaranta, wato mai ɓata wa mutane mamaki da bayani, na gaya masa ta matan Turawan da ce, suna adana ɗige-ɗigen baƙin siliki a ciki su liƙa a kunci.

"Liƙawa? To in an yi gumi fa?"

"Ƙasarsu sanyi gare ta, Kawu."

"Allah ya so su. A Makka da kafin azahar ɗigon ya gangaro haɓa."

Dokokinsa ba yawa, amma ba ɗaukaka ƙara. Bayan batta a goge: azurfa da toka da lemon tsami, fata da ɗan man shanu, duk da wata auduga guda da ta yi hidima har ta cancanci fansho. Ciki ba a taɓawa. Zai nuna maka ɗan lotsawa a busasshen katambiri ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ga sawun yatsarta nan." Madubi kuma ba a dubawa, shi ya sa yake kau da kai. "Fuskar ƙarshe da ta shiga ta mai ita ce. Ba a faɗa wa mace ɗaki ba sallama."

Mukayyif kuwa, na'urar sanyin nan da ba mai rai a Makka sai da ita, bai taɓa kunna ta a ɗakin ba, wai tana busar da fata. Wata rana ina zaune gumi na bin gadon bayana na ce, "Kawu, mu ma fa fata gare mu."

"Kai in ka bushe ka sha ruwa. Tandu fa?"

Lokacin aikin Hajji shi ne kakarsa. Duniya na zuwa Makka sayen kwalli tsaraba, shi yana tare hanya yana karɓe tsofaffin mazubai. Aljihun motarsa cike yake da sababbi masu ƙyalli, na musaya. Wata shekara ya ɗauko wata tsohuwa 'yar Damagaram, ya hango tandu rataye a wuyanta, jar fata ta koma baƙa don tsufa. Ya yi ta kallonta ta madubin mota har ya wuce masaukinta, ya zagayo, ya sake wucewa.

"Alhaji," in ji ta, tana gyara mayafi, "gaskiya ne mijina ya rasu, amma ban ce ina nema ba."

"Subhanallahi! Hajiya, tandun nake so."

"Tandun? Ka ga mace sukutum ka zaɓi tandu? Tsaya in sauka!"

Sai da ya kai ta ziyara ko'ina kyauta kafin ta huce. Ranar tafiyarta ta ba shi, ta ce na kakarta ne, kuma ya sani ya yi asarar mata.

Amma duk kabad ɗin nan rakiya ce. Batta ɗaya ce tak ta sa aka tara sauran: 'yar azurfa mai madubi da lotsattsen gefe, ta Inna Dije matarsa. Ta sa kwalli da safe, ta rufe, kafin magariba Allah ya karɓi abarsa. Tun muna samari ke nan. Ba ta bar hoto ba, don a zamaninta mace suna ce kawai a ƙarƙashin na miji a takarda. Tun ranar ba a sake buɗe battar ba, ko a karkace. Yakan ɗora ta a tafin hannu bayan la'asar, ya jingina da bango, ya lula. In ka yi magana ya amsa daga nesa, kamar wanda ke wani gari.

Wani ɗalibin ilmi daga Zariya, mai haya a saman gidan, ya ga abin ya dame shi. Ya sauko da ladabi, ya durƙusa.

"Baba, a gafarce ni. Madubi ba ya riƙe fuska. Wannan camfi ne."

"Malam ƙarami, ka ji na ce tana ciki?"

"A'a, amma..."

"Ban ce tana ciki ba. Ba na dai son in tabbatar ba ta ciki."

Yaron ya tashi ya koma sama. Na tabbata ya duba littattafansa, bai sami babin ba. Daga baya shi ke sayo wa Kawu lemon tsami.

To, a shekarun nan da injinan gini suka yi wa Harami rumfa, ana rushe tsofaffin lunguna ɗaya bayan ɗaya, idon Kawu ya fara tafiya. Likita ya ce ba na aiki ba ne, sai dai lallaɓawa. Kawu ya fassara mana: "Fitila ta kusa shanye manta." Ya ajiye tasi. Ya daina gane tandu sai da yatsa. Kowa ya ga inda zancen ya nufa, ba mai iya faɗa: in zai duba, yanzu ne, in ya jinkirta kuma ko ya buɗe duhu zai gani.

Ni na yi ƙarfin hali. "Kawu, ka buɗe mana."

"In buɗe in ga me? Shekara da shekaru tana zaune lafiya, sai in leƙa mata da wannan gemun? Ta bar ni da baƙin gashi. Ihu za ta yi."

Ya yi dariya, amma babban yatsansa na kan murfin, yana shafawa.

Wata Juma'a da hantsi muna zaune sai ga Walida, jikarsa, takwarar Inna Dije. 'Yar jami'a ce, Hausarta rabi Larabci, kuma ita kaɗai ke taka dokar ɗakin ta kwana lafiya. Za ta walimar ƙawarta, ta shigo a guje.

"Ya Jaddi, ɗakinka wallahi tanda ne!"

"Matata ta zo. Me kika kawo wa mijinki?"

"Wane miji? Na sake ka tun bara, halas. Miji ba ido, ba mota?" Ta zaro kwalli daga jaka, ta ɗaga waya za ta duba fuska, waya ta mutu. "Esh hada! Gida cike da madubi, ba wanda mutum zai duba!"

Kawu ya shafa murfin battar da ke tafinsa. Sai ya miƙa mata abin da ke hannunsa.

"Ungo."

Na ajiye kofin shayina. Walida ma ta san battar, duk gidan wa bai sani ba? Ta dube ni, ta dube shi.

"Jaddi... ta Inna ce."

"Na san ta wace ce, ni na biya sadaki. Matso taga. Ke za ki duba, ni a bayanki nake."

Murfin ya ɗan yi gardama, sannan ya buɗe. Wani ƙamshi ya fito, siriri, na tsohon turare da ya manta sunansa. Madubin ya yi dishi-dishi, gefensa ya ci tsatsa. Walida ta ɗaga shi, ta ja kwallin a ido ɗaya. Kawu ya sunkuyo ta bayan kafaɗarta, a karkace yadda gemun ba zai shiga ba, ya kawo idonsa mai sauran haske. Ya daɗe. Hasken taga na yawo a bango, har hayaniyar titi kamar ta ja da baya.

"To?" na ce, da muryar da ban san ina da ita ba.

"Tana nan," in ji shi. "Ja'ira. Ko tsufa ba ta yi ba."

Walida ta fashe da kuka, kwalli ya gangaro har haɓa. Kawu ya ce, "Kin gani? Da na Turawa ne da tuni ya faɗi ƙasa." Ta kai masa duka a kafaɗa, tana kuka tana dariya, ta makara walimar.

Kafin Hajjin shekarar idon ya rufe gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Cewa yake ya riga ya ga abin da zai gani. Bai daɗe ba ya bi Inna Dije.

Battar tana wurin Walida a unguwar Ka'akiyya, kullum da ita take sa kwalli. Kabad ɗin ni aka bar wa, da audugar. Ina sanar da masu ziyara cewa mukayyif a kashe yake, su zo da ruwansu. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara yadda haske ke komowa daga madubi, jiya na kama kaina ina buɗe batta da kai a karkace.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya goge azurfar bayin Allah. Ya jiƙan Inna Dije da duk matan da sawun yatsunsu ke cikin kabad ɗin nan. Allah ya sada fuskokinsu a inda ba a bukatar madubi. Amin.