Gawayin da Ya Riga Ya Ƙoshi

Aikina a Yendi shi ne tace ruwan da ke fitowa daga bayan wani asibiti. Ragowar magani na bin fitsari da ruwan wanki, ido ba ya ganinsa. Mukan sakar wa ruwan lantarki ta wasu farantan ƙarfe, ya farfasa abin da zai iya, sauran kuma wani gawayi na musamman ya tsotse. Na san aikina, ba yabon kai ba. Bakina ne ya ja mini.

Gwaggon da ta raine ni ta taso daga biki a Salaga za ta koma Bawku, sai ta biyo ta ga wurin aikina. Na nuna mata buhun tsohon gawayin da ke jiran a kai shi ƙonawa, ina ta cika baki: "Gwaggo, wannan dafi yake sha!" Ban ƙarasa mata cewa ya riga ya sha ya ƙoshi ba.

Washegari da safe ta kira ni tana murna. Wai ta ɗebi kwano guda ta shanya, in ya bushe za ta daka wa 'yarta mai cikin wata bakwai, saboda ƙwannafi.

"Gwaggo, don Allah kada ki ba ta!"

"Ke tafi can! Da gawayi na yi miki maganin ciki tun kina zanin goyo." Ta kashe waya.

Na hau mota mai bi ta Nalerigu, ina zagin kaina har Bawku.

Da la'asar na iske ta daka, ta tankaɗe, ƙanwar tawa na zaune da tulelen cikinta.

"Ta sha?"

"Sai an dama koko."

Na zube a tabarma. Na ce, "Gwaggo, tsumman da aka goge ɗakin marasa lafiya da shi, za ki matse mata a koko? To wallahi shi ne wannan."

Ta ƙulle garin gawayin a leda uku. Sannan ta juya ga turmin, na kakarmu ne, wanda Gwaggo ta zo da shi daga Salaga ranar aurenta, ko aro ba ta bayarwa. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin.

"Zai wanku?"

Na ce ban yarda da shi ba.

Ta shafa bakinsa, ta dubi cikin 'yarta, ta mirgino mini shi. "Haɗa ki ƙona."