Jan Ƙyallen Jarkar Baba

Ko zan manta sunana, ba na jin zan manta ranar da kaza ɗaya tak ta kusa kashe injin da ke ciyar da gidanmu. Na ce kaza ce don in rage wa kaina nauyi, amma ita baiwar Allah ba ruwanta, aikina ne. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma duk layinmu a Birnin Gwari an shaida cewa in aka ji salati ya tashi a wani gida, sai an tambayi inda nake kafin a fara zargin wuta ko maciji.

Tun da zuwa gonarmu ta wajen Kakangi ya gagara saboda mutanen daji, Baba ya koma tsaga katako. Injin yanka ɗaya gare shi, shi da Yayana ke aiki da shi, kuma daga haƙoran injin nan tuwonmu yake fitowa. Yadda Baba ke lallashinsa, na sha gaya wa Inna cewa da injin yana cin tuwo, shi za a fara zuba wa, mu 'ya'ya mu jira ƙanzo.

Shi wannan inji ba ya shan fetur zalla. Sai an haɗa masa da man inji, Baba na aunawa da gwangwanin tumatir, ya girgiza, ya ajiye. In aka ba shi zalla, cikinsa ya bushe, ya yi zafi, ya cije, shi ke nan sai dai a yi masa addu'a. Babur kuwa zalla yake so. Don haka jarka biyu ne a ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, nesa da murhu, a kan wani katako don kada su taɓa ƙasa. Dukansu rawaya ne, tsoffin jarkokin man gyaɗa, ko tagwaye ba su kai su kama ba. Baba bai yi boko ba, bai rubuta komai a jikinsu ba. Zirin jan ƙyalle ya ɗaure a hannun ta haɗi. Mai ƙyalle ta inji, marar ƙyalle ta babur. Wannan doka ko akuyar gidanmu ta haddace ta.

To ni ina da wata kaza wake-wake da kakata ta ba ni, maƙwabciyarmu ma tana da irinta sak. Kullum da yamma sai an yi shari'a a bakin zaure kan wacce ce ta wa. Ranar nan na ce yau zan kashe bakin tsanya, zan ɗaura wa tawa alama a fiffike kamar yadda kowa ke yi. Na duba gida kaf ban ga ƙyallen da ya yi mini ja sosai ba sai na jarkar Baba. Na faki idon Inna na shige ɗakin. Ƙullin Baba kuwa kamar da haƙori ya ja shi, sai da na jawo jarkokin biyu bakin ƙofa inda haske yake, na yi ta fama da farce. Ina kwancewa na ji takun Inna, na tura su ciki yadda suka samu, na fice ina waƙa.

Daf da magariba na yago wani jan ziri daga tsohon zanin Inna na koma in mayar. A nan ido ya raina fata. Jarka biyu suna kallona, kowacce ta kusa cika, na rasa wacce na tuɓe wa ƙyalle. Na shinshina wannan, na shinshina waccan, duk wari ɗaya, har kaina ya fara juyawa. Sai ga ƙarar babur ɗin Baba a ƙofar gida. Na rufe ido na nuna ɗaya da yatsa, na ɗaure, na fito ina taya Inna tankaɗe kamar mutuniyar kirki. Har yau in na tuna cewa na damƙa abincin gidanmu a hannun canki-canka, sai in ji kunyar kaina.

Washegari da sassafe suka shirya. Iskar farkon damina ta kayar da wani ƙaton maɗaci a gonar baban ƙawata, kan hanyar Tsohon Birnin Gwari, an kira Baba ya tsaga. Yaya ya cika tankin babur daga marar ƙyalle, ya ɗaure mai ƙyalle a baya tare da injin, bai ma kalli zanen ƙyallen ba, ja dai ja ne. Baba ya miƙa wa Inna wayarsa, don ba ya shiga wajen daji da waya. Suna tashi babur ya tumbuɗo wani shuɗin hayaƙi da ya cika zaure.

Inna ta kaɗa hannu a fuska tana tari, ta ce, “Yau kuma me babur ɗin nan ya ci? Kamar an sa ɗanyen itace a murhu.”

Kokon da ke hannuna ya tsaya a hanya. Na san babur ba ya irin wannan hayaƙi sai in ya sha mai. In kuwa haɗi ya sha, to wadda suka ɗauka wa injin zalla ce.

Na lallaɓa ɗakin ajiya da takardar da na yago daga littafin lissafina. Na taɓa ganin Baba yana gwada fetur ɗin 'yan bumburutu da haka: a ɗiga a farar takarda a jira. Zalla yakan bushe ya tafi kamar ba a yi ba, haɗi kuwa sai ya bar tabon maiƙo. Na ɗiga daga jarkar da suka bari, na hura, na kaɗa, na kai rana, na yi mata duk addu'ar da na iya. Tabon ya zauna daram, zagaye kamar an ɗora ƙosai an ɗauke.

A nan ne ya kamata in ruga wajen Inna. Ban je ba. Na ninke takardar na soke a ƙugu na ɗauki tsintsiya. Na share tsakar gida, na sake sharewa, har Inna ta ce ko ƙasar zan kwashe in kai kasuwa. Na zauna, na tashi. Na leƙa zaure ko sun dawo ɗaukar wani abu. Na ce wa kaina ai Baba gwani ne, zai gane. Na ce wata ƙila ruwa ya sauko su fasa aikin, na ɗaga kai, sama fes kamar an wanke ta. Kazar ta zo tana yanga a gabana da jan ƙyallenta, na kai mata jifa da takalmi. Duk babur ɗin da ya wuce a titi sai in ji kamar ƙarar inji ce tana shaƙewa. Na ƙiyasta mu zaune babu tuwo, Yaya yana tura baro a tasha, ni kuma ana nuna ni a layi ana cewa ga wadda ta sayar da gidansu saboda kaza. Awa guda cur na yi a haka.

Inna ce ta gaji da safa da marwata, ta ce, “Ke, zo nan. Tun safe ba ki tsokani kowa ba, kokonki ma ƙuda ke sha. Me kika fasa?”

Na zaro takardar na miƙa mata, bayanin ya fito a hargitse, kaza a gaba, jarka a baya. Ba ta dake ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dubi tabon, ta dubi inda rana ta kai, ta ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun da suka fita.”

“Maza kira mini Kawunki. Da gudu.”

Kawu, ƙanen Inna, ɗan acaɓa ne. Ya ce shi bai san gonar ba, Inna ta ce ni na sani, in hau in nuna masa, kuma in faɗa wa Baba da bakina. Ba ta son ko kaɗan in doshi wannan hanya, na gani a fuskarta, amma ta gyara mini hijabi ta ce mu je mu dawo kafin azahar.

Duk tsawon hanya ina dukan bayan Kawu. “Kawu, ƙara wuta don Allah.”

Ya ce, “'Yar nema, da kika zauna shara ba ki san da wuta ba? Ki riƙe ni da kyau, kada in kai wa yayata gawa biyu, ke da inji.”

Muka bar kwalta muka shiga burji, daga nan sai 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki da ba a noma rabinsu ba. Ba kowa sai wani tsoho da fartanya da ya tsaya yana kallonmu har muka ɓace. Can na jiyo ƙarar injin daga nesa. Da farko na yi murna, yana raye. Sai na tuna duk ƙarar nan da yake yi cin kansa yake yi. Kafin Kawu ya gama tsayawa na dire, na faɗi, na tashi, na yanki kunyoyin gonar da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Yaya ne riƙe da injin, ya duƙufa a kan gungumen, garin katako na tashi. Ihu ba ya aiki a kusa da wannan abu, kuma Baba ya hana a zo wa mai yanka ta baya. Na zagaya ta gaba na tsaya nesa ina tsalle ina kaɗa hijabi kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Baba ya hango ni, fuskarsa ta canza, don a zatonsa wani mugun labari na kawo daga gida. Ya dafa kafaɗar Yaya, ƙarar ta mutu.

“Lafiya? Ina uwarki?”

“Lafiya lau take, Baba. Jarkar ce. Zalla ce a ciki. Ni na canza ƙyallen.”

Ya je ya kama ƙyallen ya duba ƙullin, ya ga furannin zanin Inna. Ya karɓi takardata, ya ɗiga daga jarkar a gefen da ba tabo, muka tsaya mu huɗu muna kallon ɗigo ɗaya. Ya bushe tas.

Ya juya ga Yaya. “Tun yaushe ka ƙara?”

“Yanzun nan, Baba. Da sauran na jiya muka fara. Katako ɗaya na fitar da wannan, ga na biyu ban kai rabi ba.”

Ashe abin da ya cece mu shi ne babur ɗin da na shayar da haɗi. Sau biyu fulogi yana toshewa a hanya suna tsayawa gogewa, shi ya sa ba su fara aiki da wuri ba. Yaya ya ce tun daga gari har gona Baba yake tsine wa ɗan bumburutun da ya sayar masa da fetur, wai ya cuce shi da gurɓatacce.

Baba ya juye tankin injin, ya bar shi ya huce a inuwa. Ban taɓa ganin ƙarfe ya daɗe bai huce ba kamar ranar. Sannan ya kwance salansa ya leƙa ciki, ya ja igiya a hankali yana kallon fistin, wato ƙarfen da ke cikin injin, na hawa da sauka. Ya yafito ni da hannu. “Zo ki gani.” Wani siririn zane ne a jikin fistin, kamar an ja allura. Ya ce, “Da ya ƙara katako biyu, da sai dai mu sayar wa 'yan gwangwan.” Sannan ya tambaye ni abin da Inna ta tambaya, tun yaushe na sani. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, “To wannan zanen ba na ƙyalle ba ne. Na shirun da kika yi ne.”

Akwai man inji a ledar kayan aikinsa, ya auna da murfi ya zuba a jarkar, ya miƙo mini ya ce in girgiza. Na girgiza har sai da na ji hannuwana za su cire su koma gida su bar ni. A ja na huɗu injin ya tashi. Kawu ya ce in hau mu tafi kafin in canza wa bishiyoyi wuri.

Na kwana biyu ina jiran bulala ba ta zo ba. Abin da ya zo ya fi bulala. Ranar Juma'a bayan masallaci Baba ya tasa ni gaba har teburin ɗan bumburutun nan, ya ce masa, “Malam, na zage ka a bayan idonka kan laifin da ba naka ba, ka yafe mini. Ga mai laifin nan na kawo maka.” Mutumin ya yi dariya har yana riƙe galan, ya ce ya yafe, amma don Allah kada a bar ni kusa da teburinsa. Daga nan muka sayi ɗan gwangwanin jan fenti, Baba ya sa na shafe jarkar haɗi tun daga wuya har gindi, ya ce in ina da ƙarfi in kwance wannan in ɗaura wa kaza.

Injin yana nan har yau, sai dai tun ranar bai ƙara tashi a ja ɗaya ba, sai uku ko huɗu, kuma duk ja ɗin da ya ƙi, Yaya sai ya waiwayo ya ce mini sannu da aiki. Kazar kuwa ko sati ba a yi ba ta tsige ƙyallen da bakinta, shari'a ta dawo sabuwa a bakin zaure.

Abin da na tsinta a wannan rana guda biyu ne. Ƙullin da ba ni na ɗaura ba, ba na kwance shi sai na tambayi abin da yake tsaro. In kuma na riga na yi ɓarna, nakan ajiye tsintsiya in je in faɗa tun rana ba ta ɗaga ba, don na ga da idona irin zanen da shirun awa ɗaya ke bari.