Tagwayen Duwatsun Yaya Bello

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Bello, malamin kimiyya a wata sakandare a Yelwa, kuma har yau raina bai huce ba. Ba da mutuwa nake fushi ba, wannan hukuncin Allah ne.

Duwatsun sararin samaniya ne suka ɗauke wa Yaya hankali, musamman wasu tagwaye da ke kewaya juna, suna kuma kewaya rana tare. Yakan ɗaure gorunan masunta biyu a bakunan sanda, ya rataye ta da igiya a tsakiya, ya juya. Ya ce haka suke: girmansu kusan ɗaya, babu wanda ke zaune a tsakiya, kowanne fuska guda yake nuna wa ɗan'uwansa. Kuma ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin tsakuwa ne mai ramuka. Inna takan ce, "Bello, mi za ka yi da duwatsun da ba a niƙa da su?" Sai ya yi dariya ya koma kan rubutunsa. Shekaru ya kwashe yana tsara bayanin nan da Hausa, don yaran garuruwanmu, ɗan Wara da ɗan Shanga, su gane.

Ranar rabon gado an raba gonar shinkafa da kwalekwale, har rediyonsa. Takarda kuwa babu wanda ya ɗauke ta gado. Sai amininsa Malam Haruna, wanda suka koyar tare, ya ce, "Ba ni takardun ga in aje, kar gara ta canye su." Ni da hannuna na miƙa masa, har ina godiya.

Bara rubutun Yaya ya fito a littafi, sunan Haruna kaɗai a bango. Ko addu'a ga mamaci babu a ciki. Na same shi har gida, ya dubi idona ya ce ai ya yi gyara mai yawa. Wannan cin amana ne, ban san wani suna da zan ba shi ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san halinsa, zai ce tunda yara na karantawa, shi ke nan. Ni ba ni da irin zuciyarsa. Ilimin ya rayu, sunan mai shi ne aka binne.

Kwanan baya Hadiza, 'yar Yaya, ta dawo daga makaranta da littafin. Ta ce, "Baffa, wanga malami shina bayani kamar Baba. Sun san juna?"

Na ce sun san juna, shi ne ma ya yi wa babanki wanka. Sauran na kasa faɗa mata, shi ya sa na rubuta shi a nan.