Hotunan Tsohuwar da Na Shafe

Har gobe ranar Talatar nan ta 2013 ba ta sake ni ba. Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da aikin ba. A sitonmu na unguwar Al-Sulay, nan ƙasar Larabawa, duk mujallar da ta shigo daga waje sai ta bi ta teburina. Baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ita ce kayan aikina. In hoton mace ya nuna wuya, damtse ko ƙwauri, in shafe, fuska kawai ake bari. Shekara shida ina yi, har mudir, wato manajanmu, yana cewa hannuna ya fi inji.

Ranar aka ajiye min wani kwali daga Japan. Ƙa'ida ita ce a duba takardar da ke gefe, a ga na kanti ne ko na mutum. Ban duba ba. Na ga tsofaffin mujallu a sama, na hau aiki. A ƙasa akwai hotuna marasa kala, duk na mace ɗaya: ga ta tana rawa, ga ta a bakin teku, ga ta rungume da jariri. Kafin azahar na gama da su tas. Wallahi har daɗi na ji da layina bai karkace ba.

Da la'asar mai kayan ya zo, wani injiniya ɗan Japan da ke aiki a Dir'iyya. Ya buɗe kwalin, ya yi tsaye. Mudir ya daka min tsawa: "Ya Sabo, esh hada? Mene ne wannan? Kayan mutum ne fa!"

Injiniyan bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Da guntun Larabcinsa ya ce mahaifiyarsa ce, jaririn kuma shi ne. Bayan yaƙin duniya, lokacin wutar bama-bamai ta mai da garinsu toka, ta shiga fim tana 'yar sha bakwai. Shekara goma sha biyu ana haska ta, sannan ta bari. Kamfanin ya durƙushe, faya-fayan finafinan suka lalace a ajiya. Yanzu tana wurinsa a Al-Nasiriya, mantuwa ta cinye ta, ko shi ba ta ganewa. Likita ne ya ce a nuna mata hotunan da, ko wani abu zai dawo.

Na ce, "Akwai wasu?"

Ya ce, "Su ke nan."

Na gwada goge ɗaya da turare, tawadar ta tashi da fuskar gaba ɗaya. Na bari.

Mudir ya ce ni zan kai kwalin gidan in ba da haƙuri. Da na je, aka turo tsohuwar a keken marasa lafiya, 'yar ƙarama, kai fari fat. Ɗan ya ɗora mata hoton jaririn a cinya. Hannuwan da ke riƙe da shi baƙi ƙirin, ashe har rabin jaririn na haɗa. Ta daɗe tana murza baƙin da yatsa, sannan ta yi magana a hankali.

Na ce, "Me Mama ta ce?"

Ya ce, "Cewa ta yi, baiwar Allah, ita ma wutar ta same ta."

Bayan wata huɗu ta rasu, ba ta gane shi ba. Ni kuwa ba a kore ni ba, washegari ma sabuwar maka aka ba ni. Na ƙara shekara uku a teburin, don iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannunsu take. Abin da aikin ya nuna min, kuma yake ci na, shi ne: shekara shida ina kallon hotunan mata ban taɓa ganin mutum ba, wurin shafewa kawai nake gani. Don Allah ku riƙa karanta takardar gefen kwali.