Littattafan Malam Sagir suna hannuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki labari ya iske ni: Malam Sagir ya rasu a gidansa na Gorton.

Shi ya duba PhD ɗina a Manchester. Aikinsa a kan plasma yake, gas mai tsananin zafi da ake tsarewa da maganaɗisu don a samu lantarki. Kowa tsakiya yake kallo, shi kuwa gefe. In ɗan datti ya shiga gefen, sai wurin ya zubar da zafinsa ta haske, ya yi sanyi, ya jawo ƙarin gas, ya ƙara sanyi, har wutar ta mutu. Da biro yake lissafin wannan, a littattafan rubutu.

Lokacin da nake da ciki, shi yake hawa bene ya ɗauko mini takardu. Bai taɓa bari na gode ba.

Da aka fara tsuke bakin aljihu, shugaban department ya ce aikin gefe "ba priority ba ne". Kwana biyar suka ba shi ya kwashe ofis. A Ghana-must-go ya zuba shekara goma sha tara, ya hau bas.

Bayan shekara biyu sai ga lissafinsa a takardar binciken da shugaban ya wallafa. Sunan Malam ko a godiya babu.

Watan jiya ya kawo mini jakar nan har gidana a Small Heath, can Birmingham, yana haki. Ya ce, "Hajara, a littafi na bakwai na yi mistake, minus ne na sa plus. Na gyara a na tara. Su na bakwai suka kwafa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yau kafin a yi masa wanka, email ɗin shugaban ya shigo. Wai sun yi babban rashi. Wai ko zan ba su littattafan don archive, a adana su a jami'a.

Kai, rashin kunya! Ko ta'aziyya ba ka iya ba sai da roƙo a gindinta.

Ba zan bayar ba. Ni zan fitar da gyaran, sunan Malam a farko, kowa ya ga wanda ya kwafi kuskure bai ma gane ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya ambaci sunansa: Sagir.