Seshan Ɗina Ya Yi Esfaya

Ina tsugune a gindin ɗorawar bayan gidanmu, wurin da kaɗai sabis yake kamawa a ƙauyenmu, sai shafin makarantar koyon ungozoma ya ɗauke, ya dawo da jan rubutu. Sun ba ni gurbin karatu, saura kawai in danna in ce na karɓa kafin Juma'a. Rubutun ya ce seshan ɗina ya yi esfaya.

A sakandare, in an ce seshan, shekarar karatu ake nufi. Esfaya kuwa a jikin kwalbar magani na san shi, abin da ya lalace, sai zubarwa. Nan take na fassara wa kaina: shekarata ta wuce, an ba wata gurbina.

Na sake shiga. Shafin ya karɓi lambata, har ya gaishe ni da sunana, ina danna gaba ya koro ni. Na kashe waya na kunna. Na ciro layi na goge da bakin hijabi, sai ka ce datti ne. Inna tana tsinkar gyaɗa a tsakar gida, ta dubi fuskata ta ce wa ya rasu? Na kasa faɗa mata, don ta riga ta gaya wa unguwa kaf 'yarta za ta zama ungozoma.

Ranar kasuwa Yayana ya goya ni a babur zuwa wani kafe na intanet a Ɗanbatta. Mai kafen ya goge tarihin burauza, ya canja kwamfuta, jan rubutun na nan. Ya ce sabis ne. Ya ce a'a, wuta ce. Da dabara ta ƙare masa, ya ce ni na ɓata abin da yawan dannawa. Yaya kuma, wai don in saki raina, ya ce ƙila kwamfutar ta ji labarin ina tsoron allura. Kamar in shaƙe su duka biyun.

Akwai lambar ofishin makarantar a ƙasan shafin. Tun hantsi nake kira, tana ta ringin ba mai ɗauka. Sai bayan la'asar, muna bakin tasha, wata mata ta ɗaga.

Na ce, "Anti, don Allah, shekarata ce ta wuce?"

Ta sa na karanto mata rubutun, sannan ta yi 'yar dariya. Ta ce wannan seshan ba na karatu ba ne, zaman da mutum yake yi a shafin ne daga shiga zuwa fita. Na'urorinsu biyu ne: ɗaya ta yi mini maraba a zaure, ɗayar kuma ta cikin gida ba a sanar da ita na zo ba, sai ta ɗauke ni baƙuwa. Suna kan gyara. Ta tambayi lambata, na ji tana dannawa.

"Ƙanwata, tun dannawar farko ta shigo. Gurbinki na nan."

Na zauna a kan buhun geron wani. Yaya yana ta cewa me ta ce, me ta ce, ni kuwa haushi ya hana ni ko hamdala.