Ƙullin Ƙasa Zuwa Tekun Fujaira

Mun tashi da asuba daga International City, raɓa ba ta ko bushe a gilasan motocin unguwar ba. Mu uku ne: ni, da kawuna wanda ya zo Dubai duba idonsa, da wani abokina ɗan Kano mai shagon kago, wato tura kayan 'yan kasuwa zuwa gida, a Al Sabkha, shi ne mai motar kuma shi ke tuƙi. Fujaira muka nufa, a ɗaya gaɓar ƙasar. Dalilin tafiyar yana aljihun gaban rigar Kawu, an ƙulle shi a leda biyu, an sake naɗe shi a hankici. Ƙasa ce ta tsakar gidan kakana, ba ta fi cikin tafi uku ba.

Kakana da ƙanensa sun shiga soja tare a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can za a wuce da su Bama. Ƙanen bai isa ba. Zazzaɓi ya kama shi a jirgi, ya rasu saura 'yan kwanaki su sauka. Aka yi masa salla, aka naɗe shi a tamfol, aka sake shi a ruwa. Kakana ya dawo gida ya rayu har ya tsufa, amma abu ɗaya bai taɓa barinsa ba, cewa ya rabu da ɗan'uwansa bai zuba masa ƙasa ba. Kafin ya rasu ya bar wasiyya ga 'ya'yansa: duk wanda Allah ya kai shi wannan teku, ya zuba ƙasar gida a madadinsa. Yau Kawu da yayarsu, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, su kaɗai suka rage. Jirgin Kawu na komawa gida kuma washegari ne da safe, likita ya sallame shi, babu alamar zai sake zuwa.

Ni na jawo doguwar tafiyar. Niyyar Kawu ita ce ya hau ɗaya daga cikin ƙananan kwalekwalen da ke tsallaka mutane a Deira, cikin Dubai, in an kai tsakiya ya zuba abarsa. Da ya faɗa mini, sai na ce ai wannan mashigi ne na Tekun Fasha, ruwan da ke buɗewa kai tsaye zuwa Indiya yana bayan duwatsu, wajen Fujaira. Shekarun da na yi a ɗakin labarai sun bar ni da ciwon rashin iya barin kuskure ya wuce. Kawu ya dube ni da idon da aka gyara, ya ce, "To ɗan rediyo, tun da ka san hanya, sai ka kai ni."

Mun tsaya a wani ƙaramin shagon shayi a bakin gari. Shayin karak kofi ɗaya dirhami ɗaya, wanda a Dubai shi kaɗai na sani da ya ƙi bin sahun tsadar haya. Muka haɗa da farata, wata irin gurasa, mai ƙwai. Kawu ya ce shayin ya yi, sai dai kofin kamar na ba yaro magani. Ya sha uku.

Titin shimfiɗaɗɗe ne, ko rami ɗaya babu, sai na'urorin kama masu gudu da abokina ke gaishe su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ɗage ƙafa. Da benaye suka ƙare, rairayi ya fara, fari tukuna, sannan ya rine ya koma ja kamar garin bulo. An katange hanyar da waya saboda raƙuma. A nan Kawu ya fara ba da labarin jirgin kamar yadda ya ji daga bakin mahaifinsa. Da dare ba a kunna fitila, ba a shan taba a sarari. Jiragen yaƙin Ingila suna gefe da gefe suna raka su. Duk wannan saboda jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku, waɗanda kakana ke kira kada, don ba ka ganinsa sai ya kama.

Na ce masa kadan nan ba farauta kaɗai ya yi ba, shi ma ya yi aikin rakiya. Na taɓa shirya rahoto a kan batun, don haka na san iyakar abin da na sani. A lokacin yaƙin an toshe wa Jamus hanyoyin teku, ga shi tana bukatar roba da kuza daga gabashin Asiya. Sai ta riƙa turo jiragen kaya ɗaiɗai, su ratsa teku a ɓoye, wani lokaci da fenti da tutar wata ƙasa. In sun kusa gaɓar Faransa, inda haɗarin ya fi yawa, akan tura jirgin ƙarƙashin teku ya tarye su ya raka su.

Abokina ya buga sitiyari ya ce, "Ashe Jamus ma 'yan kago ne! Wa ke biya in kaya sun nutse?"

Kawu bai yi dariya ba, tambaya ce ta dame shi. Ya ce mai rakiyar da ba ka ganinsa, ta ina za ka san yana nan? Na ce galibi a saman ruwa yake tafiya, domin in ya nutse ba shi da sauri, jirgin kaya zai bar shi a baya. Sai in jirgin sama ya ɓullo ne yake nutsewa.

"Wato in tsoro ya zo, ya shige ƙasa ya bar ka," in ji Kawu. "Wannan ai ba rakiya ba ce, kallo ne."

Na ƙara masa da cewa an taɓa samun jirgin ƙarƙashin teku ya harbe jirgin kayan ƙasarsu da kansa, saboda ɓad da kamar ta yi kyau har ta ruɗe nasu. Abokina ya ce shi ya sa shi ba ya yarda a canja wa kwantena takarda, ƙarshenta mai kayan ne ke kasa gane kayansa.

Daga nan duwatsu suka tare gaba. Ban taɓa ganin duwatsu tsirara irin waɗannan ba, baƙi-baƙi, ko ciyawa babu, an yanka su an ratsa titi kamar an yanka sabulu. Awa biyu ba ta cika ba muka gangara Fujaira. Abin da ya fara ɗaukar ido shi ne manyan tankunan mai a gindin dutse, sai kuma can a kan ruwa, jiragen dakon mai sun yi sahu suna jira, har ido ya gaji da ƙirga. Kawu ya sa a tsaya. Ya fito ya daɗe yana kallo, hannunsa a kan aljihu.

A ƙaramar tashar da ake ɗaukar masu yawon buɗe ido muka ci karo da matsala. Kawu ba ya son bakin gaɓa. Mahaifinsa ya ce inda aka saki ɗan'uwansa ruwan shuɗi ne mai duhu, don haka sai an kai inda launin ya canja. Mai kwalekwalen, wani dattijo mai gemu ja da lalle, ya dubi tutar da ke kaɗawa, ya dubi Kawu, ya girgiza kai. Injinsa ɗaya ne, iska za ta ƙaru bayan azahar, ba zai fita nesa da tsoho shi kaɗai ba. "Bukra, inshallah," in ji shi, wato gobe. Gobe kuwa Kawu yana sama.

Mun zauna a inuwar wata rumfa kusan awa guda. Na san da ban buɗe baki a kan batun Deira ba da tuni an gama. Abokina ne ya tashi. Larabcinsa na kasuwa ne, wanda babu nahawu a cikinsa ko na anini, amma bai taɓa kasa sayar da abu da shi ba. Ya karɓi hankicin a hannun Kawu, ya je ya buɗe wa dattijon, ya yi ta bayani da baki da hannu. Na hango dattijon ya daina gyaran igiyar da yake yi. Can ya ɗauki waya. Ashe surukinsa ya kira, mai kwalekwale da inji biyu, wanda ya dawo daga kai masu nutso ke nan. Shi ba zai iya ɗaukarmu ba, kwalekwalensa cike yake da tulunan iska, amma zai bi mu a baya. Kuɗin mai kawai ya ce a ba shi.

Sa wa Kawu rigar ceto a kan babbar riga aiki ne na mutum biyu. Da aka gama ya zama kamar buhun auduga da aka ɗaure tsakiya. Ya cire hularsa ya miƙa mini, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban baƙi ba. Dattijon ya ce, "Yalla, ya Hajji," wato mu tafi, muka fita.

Minti goma na farko lafiya. Da muka wuce katangar duwatsun tasha, kwalekwalen ya fara tashi yana faɗuwa, ruwan gishiri yana marin fuska. Abokina, wanda ya shekara goma sha yana tura kayan mutane ta teku, shi ya fara rungume ƙarfe yana salati. Kawu kuwa ya kafa idonsa a baya. Duk sanda igiyar ruwa ta ɓoye kwalekwalen surukin, sai na ga wuyansa ya miƙe, in ya sake ɓullowa sai ya sauke numfashi.

Dattijon ya nuna wani sashe da haɓa, ya ce can nesa, a ƙasa mai zurfi, akwai jirgin Jamus na ƙarƙashin teku. Wannan gaskiya ne. Wancan ba rakiya ya zo ba, farauta ya zo, jirgin saman Ingila ya nutsar da shi, mutum ɗaya ne kawai ya tsira. Na fassara wa Kawu. Abokina ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Baba, ko a sam musu kaɗan?"

"Tasu ƙasar tana Jamus," in ji Kawu. "Wani nasu ya kawo musu." Sannan ya ce, "Allah sarki, su ma an jira su a gida."

Ruwan ya canja launi ba tare da na lura da lokacin ba. Kore ya tafi, shuɗi mai duhu ya zo. Dattijon ya rage inji. Na san tsakanin nan da inda aka saki ƙanen kakana akwai tafiyar kwanaki. A wannan karon na riƙe bakina.

Ƙullin ledar ya ƙi kwancewa, yatsun Kawu sun jiƙe. Dattijon ya miƙo wuƙar kifi. Kawu ya ɗebi tafin farko, ya miƙe zaune, ya watsa kamar yadda ake yi a bakin kabari. Bai yi lissafi da iska ba. Ƙasar ta dawo gaba ɗaya, rabi a kan rigarsa, rabi a fuskar abokina. Babu wanda ya yi dariya a lokacin. Saura tafi biyu, kwalekwalen kuma yana ta rawa.

Dattijon ya ɗaga murya ya kira surukinsa. Sai ga shi ya zagayo ya gitta kwalekwalensa ta inda iskar ke fitowa, kusa da mu har muna jin warin mansa. Ruwan da ke tsakaninmu ya ɗan lafa. "Shwaiya shwaiya, ya Hajji," in ji dattijon, wato a hankali, yana nuna masa ya sauke hannu ƙasa. Na riƙe Kawu ta igiyar rigar ceto. Ya kakkaɓe abin da ya maƙale a rigarsa cikin tafinsa, ƙwaya-ƙwaya, ya sunkuya har hannunsa ya taɓa ruwa, ya buɗe. Ya yi na biyu, ya yi na uku, yana karanta abin da ake karantawa. Ruwan ya yi ja na ɗan lokaci, faɗin faifai, sannan ya koma yadda yake. Ya kira sunan mamacin da na mahaifinsa ya yi addu'a. Dattijon da surukinsa suka ɗaga hannu tare da mu, ba su san ko kalma ɗaya ta Hausa ba.

"Khalas?" in ji dattijon, wato an gama?

Kawu ya ce, "Khalas."

A gaɓa muka yi azahar, sannan muka shiga wani ɗan gidan abinci kusa da kasuwar kifi. Gasasshen kifi ne da shinkafa mai kayan ƙamshi da busasshen lemon tsami, kuɗin mu uku bai kai na mutum ɗaya a manyan kantunan Dubai ba. Kawu, wanda tun zuwansa yake tsakurar abinci, ya cinye nasa ya taya abokina, da yake cikinsa bai gama dawowa daga teku ba. A nan ne dariyar ta zo. Kawu ya ce masa, "Alhajin kago, yau ka sha ƙasar gidanmu, ka zama ɗan gida."

Mun dawo ta tsohuwar hanya mai bi ta Masafi, inda ake da kasuwar da ake kira ta Juma'a alhali kullum tana ci. Darduma, tukwane, 'ya'yan itace, gasasshiyar masara. Kawu ya taya darduma har mai ita ya yi gumi, sannan ya sayi masara ɗaya. Ya yi barci tun kafin mu fita daga duwatsu, bai farka ba sai da fitilun International City suka fara kamawa gab da magariba.

Abin da na ɗauko daga tafiyar ba shi da yawa. Wasiyyar nan ta wuce ta hannun mutane da dama, kowa yana ganin ta fi ƙarfinsa, ashe wuni ɗaya ce da tankin mai da mutanen kirki biyu da ba mu ko tambayi sunayensu ba. Shi kansa aikin bai kai minti biyar ba.

Muna shiga gida, kafin ya ko cire takalmi, Kawu ya ce in kira masa gida. Na haɗa shi da yayarsu, na sa a lasifika saboda kunnensa. Ta ɗauka tana tambayar ido, tana tambayar jirgi. Ya bari ta gama.

"Yaya," in ji shi, "an rufe shi."

Na duba ko layin ya yanke. Can muka ji ta ja numfashi.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau Baba ya huta."